Ranar da Walƙiya Ta Tafi Suna

Ranar da Zulkifilu Dabo ya ɗauko sabuwar motarsa, sai da ya zagaya filin ajiye motoci na masallacin Juma'a sau uku kafin ya tsaya. Motar ta lantarki ce, ba ta tari ba ta gurnani, shi ya sa a zagaye biyun farko ko mutum ɗaya bai waiwayo ba. A na ukun ne ya haƙura ya danna ham.

Zulkifilu mutumin Funtuwa ne, shekararsa goma sha ɗaya a Amurka. Yana zaune a Lanham, cikin jihar Maryland, shi da matarsa Najiba ma'aikaciyar jinya da 'yarsu Kausar. Aikinsa a wani ofishin gwamnati ne a kudu maso yammacin Washington, inda ake kiransa idan firinta ta ƙi aiki, ya zo ya kashe ta ya sake kunnawa. Amma idan ka ji shi a majalisa, sai ka rantse ranar da ya yi fashi gwamnatin Amurka rufe shago take yi.

Masallata suka kewaye motar. Ja ce jawur, mai ƙofa huɗu, kujerunta farare fat.

"Sunanta Walƙiya," in ji Zulkifilu yana shafa murfin gaba. "Samfurin bana ce, wadda aka sabunta. Daga tsaye cak zuwa gudun mil sittin, daƙiƙa uku. Kafin ka gama hamma ka wuce Baltimore."

Dakta Ladan, likitan yara da ke zaune a Germantown, ya zo sallar Lanham ne ranar don ya gayyaci jama'a sunan 'yarsa. Ya leƙa cikin motar ya ce, "Allah ya sa alheri. Ni tsohon samfurinta gare ni, shekara huɗu ban taɓa kuka da ita ba. Na ji an gyara kujeru, an rage jijjiga. Sai dai wai sun cire sandar giya, komai ya koma cikin sikirin. Ka zauna ka koyi sarrafa ta kuwa?"

"Likita, ni da nake kwana da kwamfuta in tashi da ita? Taka kuma ban raina ba, amma kakar tawa ce. Ka gaishe ta da jiki."

Imoro, ɗan Kumasi mai shagon kayan abinci, ya zagaya baya ya durƙusa yana leƙe. "Ei, Alhaji Zulki, ina salansa?"

"Babu."

"To ta ina yake numfashi?"

"Imoro, kai da motarka sai an yi mata addu'a take tashi, wannan zancen ya fi ƙarfinka."

Gaskiya ne Imoro tsohuwar ƙaramar bas gare shi, toka-toka, wadda ƙofarta ta gefe sai an haɗa da kafaɗa take rufuwa. Ita ce ma aka shirya za ta yi aikin gobe. Za a yi walimar suna da ƙarfe ɗaya a rumfar wani wurin shaƙatawa a Germantown. Jaririyar sunan kakarta ta ci, wato Hajiya Tayyiba, surukar Dakta Ladan, wadda ta zo daga Zariya. Hajiyar goggon Najiba ce, kuma a gidan su Najiba za ta soya wainar mutum ɗari da miyar taushe, domin a benen Dakta ko albasa aka soya sai ƙararrawar gobara ta tara maƙwabta. Imoro ne zai ɗauko ta da abincin.

Zulkifilu yana jin haka ya ɗaga hannu. "A'a! Surukar Likita guda, takwarar jaririya, a saka ta cikin akurkin kaji? Ina raye? Ni zan kawo ta. Ku dai ku taru a bakin rumfa. Zan shigo, in fito, in harɗe hannu, motar ta je ta ajiye kanta da kanta. Kuma tun daga ƙofar gidana zan sa tafiyar kai tsaye a gurup ɗin zumunci, kowa ya ji ra'ayin mai mota daga bakin mai mota."

Dakta Ladan ya dubi Imoro. Imoro ya ɗaga kafaɗa ya ce shi dama kujeru ma sun ishe shi kaya.

Daga nan har la'asar sakaliya Zulkifilu bai yi komai ba sai ɗana wa mutane motar. Mutum goma sha ɗaya ya ɗauka ɗaya bayan ɗaya, kowa sai ya figa shi har hularsa ta faɗo. Da ya koma gida ya soka wa motar wayar caji da ƙasaita. Sannan ya tuna yana son ɗaukar bidiyon gabatarwa, garejin kuma da duhu, sai ya zare wata waya daga bango ya jona fitilar ɗaukar hoto. Wayar da ya zare ita ce ta cajin.

Da safe Najiba ta tafi da Kausar tun ƙarfe tara don taya gyaran rumfa. A bakin ƙofa ta waiwayo. "Abban Kausar, ka duba cajin motar nan?"

"Motar da ke duba kanta?"

Sha ɗaya da rabi Hajiya Tayyiba ta kwashe wainar ƙarshe, ta yi wanka, ta fito cikin leshi ruwan toka da mayafi. Gajeriya ce mai kaifin ido, shekara saba'in da wani abu. Ta tsaya a jikin motar tana lalube.

"Ɗan nan, ba su sa mata mariƙi ba?"

"A ɓoye yake, Hajiya. Zamani ke nan." Ya danna ya buɗe mata. Ya loda kulolin waina a but, sannan ya ɗaga murfin gaba, sai ga rami wayam.

Hajiya ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Sun sace injin?"

"Ba ta da shi. Nan ma wurin kaya ne." Ya ɗauko babbar tukunyar miya ya zura a ramin, ya ninke sabuwar babbar rigarsa ta farar shadda ya ajiye a gefenta, wai sai an kusa isa zai saka don kada ta yamutse.

"Kawo tsumma in ɗaure murfin tukunyar," in ji Hajiya.

"Hajiya, motar nan ko ƙwai kika ɗora a kanta ba zai gangara ba."

Babbar kular zoɓo kuma ya ɗora ta a kujerar baya, kusa da Hajiya. Ya maƙala wayarsa a gaban sitiyari, ya kunna bidiyo kai tsaye, ya gyara zaman hula.

"Jama'a, salamu alaikum. Ku lura, babu makulli, wayata ce makullin. Babu sandar giya. Da ɗan yatsa ɗaya kawai, sai gaba."

Ya shafa sikirin, ya taka. Motar ta yi baya da ƙarfi ta kwashi durom ɗin shara biyu na maƙwabcinsa, suka kife a tsakiyar titi.

Maƙwabcin, Dachung, injiniya ne mutumin Jos, kuma wata uku ke nan da ya sayi irin motar sak, tasa baƙa. Ya fito da kofin shayi a hannu ya tsaya yana kallon ɓawon ayaba a kan tayar Walƙiya.

"Oga Zulki, sama ake shafawa in za a yi gaba."

"Na sani. Gwada ƙarfin bamba nake yi wa masu kallo."

Dachung ya sunkuyo ya gaishe da Hajiya, idonsa ya faɗa kan sikirin. "Kashi goma sha takwas? Germantown za ka da wannan? To ji nan. Motar tana da daɗi, ba na musu, ta fi tsohuwar laushi da shiru. Amma wannan yanayin gudun tsere da ka saka ta, wuta yake sha kamar raƙumi ya samu rijiya. Mayar da ita na lalama, ka bi Beltway, babbar hanyar da ta zagaye birni, a hankali, za ka kai da ƙyar. Ko ka ba ni abincin, ni ma can za ni."

"Dachung, kai tuƙa motar nan kake yi. Ni fahimtarta na yi."

"To Allah ya kiyaye hanya. Sharar kuma?"

"In na dawo."

Suna fita unguwa ya danna maɓallin magana ya ce da ƙarfi, "Jamantawun!" Muryar mace ta amsa da Turanci, taswira ta fito. Bai ko duba ba, yana karanta saƙonnin masu kallo. Mutum arba'in da biyu ne a kai.

A danja ta biyu sai ga bas ɗin Imoro a layin dama, cike da kujerun roba, tana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Imoro ya sauke gilashi da hannu. "Cale, abokina, a gaida Hajiya! Sai mun haɗu."

"Haɗuwa kuma? Sai dai ka tarar na ci na wanke hannu." Zulkifilu ya juya ga wayar. "Jama'a, ku ƙirga. Daƙiƙa uku."

Kore na kawowa ya take totur har ƙasa.

Abin da masu kallo suka ji shi ne salatin Hajiya, wanda ya faro daga ƙasa ya ƙare a sama. Ƙeyarta ta manne da kujera, ɗankwalinta ya zame ya rufe mata ido. Kular zoɓo ta bugi bayan kujera ta dawo, murfin ya yi nasa wuri. Danja ta gaba kuwa ja ce, tazarar ba ta kai taku ɗari biyu ba, dole ya take burki. Galan biyar na zoɓo mai sanyi, da citta da kanumfari, ya taso daga baya kamar ambaliya, ya wanke fararen kujeru, ya bi ta tsakanin kujerun gaba, ya sauka a cinyar direba.

Can gaba, ƙarƙashin murfi, wani abu ya ce ƙwal. Babu wanda ya kula.

Bas ɗin Imoro ta iso a hankali ta tsaya a gefensu. Imoro ya dubi gilashin da zoɓo ke gangarowa a jikinsa. "Ei! An yanka ragon sunan a ciki ne?"

Zulkifilu ya kai hannu ya dangwali wayar da jiƙaƙƙen yatsa don ya kashe bidiyon, ya cire ta ya jefa a ramin ajiye kofi. Bai ankara ba sai ga fitila mai shuɗi da ja a madubi.

Ɗan sandan dogo ne mai ladabi. Ya leƙo ya ga jan ruwa ko'ina, ya ga tsohuwa tana matse mayafi, nan take fuskarsa ta canza. Ya tambaya da Turanci ko wani ya ji rauni.

"Me ya ce?" in ji Hajiya.

"Gaishe ki yake yi."

"Ka ce masa ya tafi da kai. Ka ce ni ce shaida."

Sai da Zulkifilu ya lashi hannunsa a gaban ɗan sandan, ya miƙa masa murfin kula ya shinshina, sannan aka yarda abin sha ne. Aka ba shi takarda, aka ja masa kunne. Minti ashirin suka tafi a nan.

Da suka hau hanya ya sassauta murya. "Hajiya, don Allah in mun je ki ce kular ce dama murfinta ba shi da kyau."

"Kular Najiba ce, sabuwa."

"To ki ce ke kika jingina da ita. Zan saya miki leshi biyu."

"In yi ƙarya da furfurata saboda leshi?"

"Uku. Ai duk laifin Likita ne. Mutum yana da kuɗi kamar ya kashe kansa, amma rowa ta hana shi kama ɗakin taro a kusa, sai ya kai mu daji."

Hajiya ta zuba wa titi ido. Can ta ce, "Jiya da Ladan ya kawo ni, ban ga waɗannan dogayen gine-ginen ba."

Shi ma Zulkifilu ya lura ba su hau Beltway ba, cikin birnin Washington suke ta kutsawa. Amma ya ce, "Gajeriyar hanya ce. Motar nan da tauraron ɗan adam take shawara. Ta hango cunkoson da mu ba mu gani ba."

Suka bi danja bayan danja. Tituna suka tsuke, gidaje suka koma na jan bulo, masu yawon buɗe ido suka cika ko'ina da askirim a hannu. A gaban wani shagon sayar da takalma muryar matar ta sanar da fara'a cewa an iso.

Hajiya ta leƙa. "Ina rumfar?"

Zulkifilu ya dubi taswira. Georgetown, ba Germantown ba. Ya dubi lambar batir. Kashi tara. Ƙarfe ɗaya da minti biyar.

"Ita ma matar cikin motar ba ta jin Turancinka ke nan," in ji Hajiya.

Wannan karon da yatsa ya rubuta sunan garin. Sikirin ya yi rawaya, ya ce wutar ba za ta kai ba, ya nuna wurin caji a Rockville. Zulkifilu ya share gargaɗin. "Tsoratarwa ce ta 'yan kasuwa. Ko ta nuna sifili, akwai wuta ta ɓoye da suke ajiye wa waɗanda suka sani."

Duk da haka ya kashe na'urar sanyi. Watan Yuli ne, rana ta take. Cikin minti biyar zoɓon ya fara bushewa, motar ta koma kamar tukunyar alewa. Wandon Zulkifilu ya manne da kujera, duk motsin da ya yi sai a ji ƙyaaat. Ya hana a sauke gilashi, wai iska tana cin wuta. Hajiya ta ciro takardar ɗan sanda tana fifita da ita.

Suka hau babbar hanyar 270 da kashi huɗu. Suka wuce mahaɗar Rockville, ya kau da kai kamar ya ga wanda ba sa ga maciji. A Gaithersburg motar ta fara sanyi. Mil sittin ya koma hamsin, hamsin ya koma talatin da biyar.

"Ga kunkuru ya fito a talabijin ɗinka," in ji Hajiya.

"Ado ne."

Tirela ta zo bayansu ta saki ham har cikin ƙashi. Wata tsohuwar Baturiya ta wuce su a ƙaramar mota tana girgiza kai. Zulkifilu ya koma layin ƙarshe, ya rungume sitiyari, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya fara magana ƙasa-ƙasa.

"Walƙiya, 'yar albarka, ki rufa mini asiri. Mil uku ne kawai. Kada ki kunyata ni a gaban Imoro. Wallahi in kika kai ni, ba zan ƙara figar ki ba. Haba 'yar lele, haba ta Zulki."

"Da ka yi wa Najiba irin wannan lallashin, da tuni ta yi ƙiba," in ji Hajiya.

Da ikon Allah suka sauka daga babbar hanya. Suka rarrafa har ƙofar wurin shaƙatawar, wadda hanyarta ɗaya ce, siririya, mai ɗan hawa. Ana hango rumfar daga nan, da balan-balan da jama'a fal. Walƙiya ta hau rabin tudun, ta yi ajiyar zuciya, ta tsaya a daidai tsakiyar ƙofa. Ƙarfe biyu da kwata.

Motoci suka fara jeruwa a baya. Ta farko ta liman ce, wanda aka ɗora wa addu'ar walima.

Hajiya ta lalubo maɓalli ta buɗe ƙofa da kanta, ta fita ba ta ko waiwayo ba, leshinta rabi toka rabi ja. Zulkifilu ya ɓamɓare kansa daga kujera, ya zura waya a aljihu, ya fito ya rufe ƙofa. Jama'a kuwa sun taso gaba ɗaya, maza da mata, suna gangarowa. Abin da ya ba shi mamaki, tun daga nesa dariya suke yi.

Ya harɗe hannu. "Jama'a, da gangan na tsaya a nan don kowa ya samu wurin kallo. Yanzu za ta ajiye kanta."

Imoro ya matso da farantin shinkafa a hannu, ya shafa gefen motar, ya marairaice murya. "Haba 'yar lele. Haba ta Zulki. Kada ki kunyata shi a gaban Imoro."

Wurin ya fashe. Wata mata sai da ta zauna a ciyawa.

Zulkifilu ya warware hannuwansa. "Wa ya gaya maka..."

"Kai ka gaya mana," in ji Dakta Ladan. "Ba ka kashe bidiyon ba. Tun daga wurin ɗan sanda muka jona shi a lasifika. Mun yi ta kiranka, mun tura saƙo ya fi hamsin cewa ba hanya ba ce, wayar tana ramin kofi. Af, kuma na gode da nasiha. In Allah ya kawo wata haihuwar, zan kama ɗakin taro."

"Likita, wasa ne..."

"Leshi uku ma wasa ne?" in ji Hannatu, mai jego, tana yafa wa mahaifiyarta mayafinta.

Liman ya leƙo ta taga daga baya. "Malam Zulkifilu, a ba mu hanya mana, la'asar na matsowa."

Zulkifilu ya zaro waya da sauri don ya buɗe but a sauke abinci, ko hankalin mutane ya koma can. Wayar baƙa ƙirin. Kusan awa uku tana watsa bidiyo, ta mutu. Motar kuma da ta daina jin wayar, sai ta ɗauka mai ita ya yi nisa. Ta ce ƙit, ta naɗe madubanta, ta kulle kanta da wainar mutum ɗari a ciki.

Ya ja mariƙi. Ya danna. Ya zagaya ɗaya gefen ya ja. Ya ce da ita "Buɗe!" da Hausa, ya sake faɗa da Turanci.

"Gwada Jamantawun," in ji wani daga baya.

Dachung ya iso yana share baki. Tasa motar tana can gefen rumfa tun sha biyu da rabi, mutum huɗu ya ɗauko da katan-katan na ruwa. "Oga Zulki, ina katin makullin? Wanda suka ce kada ka rabu da shi?"

"Wannan ai na waɗanda ba su yarda da fasaha ba ne. Yana gida."

Najiba tana tsaye a gefe tun ɗazu. Sai da ta bari ya ƙara zagaya motar sau biyu, har ya fara neman dutse, sannan ta buɗe jakarta ta zaro katin da yatsa biyu.

"Maman Kausar! Ya aka yi yake wurinki?"

"Shekara tara nake aure da kai."

Aka buɗe but, waina lafiya lau, mata suka yi hamdala suka kwashe. Zulkifilu ya ɗan samu ƙarfin gwiwa. "Kun gani? Ko ɗaya ba ta motsa ba. Yanzu ku zo ku ga inda sauran motoci ke ajiye inji, ku ga abin da tawa ke ajiyewa."

Ya ɗaga murfin gaba da hannu ɗaya, fuskarsa na kallon jama'a.

Tururi ne ya fara fitowa, sai ƙamshin daddawa. Tukunyar tana kwance a kan haƙarƙarinta, wayam. Ramin kuwa ya cika har baki da miyar taushe, kabewa da tantaƙwashi suna iyo, man ja ya taru a gefe-gefe. A tsakiya farar shaddarsa ce ta kumbura ta taso, aikin wuyan yana sama.

Hajiya Tayyiba ta ratso mutane ta zo ta tsaya a kan miyarta. Tun asuba take kanta, da daddawar da ta taho da ita daga Zariya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago.

"Na ce a ɗaure murfi?"

"Kin ce, Hajiya."

"Me ka ce?"

Ya sauke murfin a hankali.

"Ƙwai," in ji mutum wajen talatin a tare.

Ajara matar Imoro ce ta ceci walimar. Ta aika aka ɗauko kwalaben shito, yajin nan nasu na Gana mai mai, daga cikin bas, aka ci waina da shi ana hawaye ana santi. Amma kafin nan sai da aka kau da Walƙiya daga hanya. Dachung ya shiga ya lalubo inda ake sakin tayoyi a sikirin. Zulkifilu ya ce shi zai riƙe sitiyari tunda shi ya san halinta. Maza goma sha biyu cikin shadda da turare suka ce ba su yarda ba. Dachung ya zauna a kan jarida ya riƙe sitiyari, mai mota ya koma baya tsakanin Imoro da wani farfesan lissafi, ya sa kafaɗa. Motar ta fi tan biyu, hanyar kuma hawa ce. Duk turawa ɗaya sai miya ta tuttulo ta ƙarƙashin murfi ta bar layi a kan kwalta.

"Daga tsaye zuwa mil ɗaya," in ji Imoro yana nishi, "minti goma."

La'asar ta yi, aka yi salla, aka yi wa ƙaramar Tayyiba addu'a. Da za a watse, Hajiya ta nufi bas ɗin Imoro kai tsaye, ta hau, ta sa kafaɗa ta rufe ƙofar da kanta.

Motar janwe ta iso wajen biyar da rabi. Direban wani mutumin Maraɗi ne, Rahim. Ya ɗaure Walƙiya ya janye ta sama, ya tsaya yana shaƙar iska.

"Ikon Allah. Ni dai na san na fetur da na gas da na lantarki. Yau na ga mai tafiya da miya." Ya zagaya ta yana kallo. "Amma fa tana da kyau. Wallahi ina ta tunanin sayen irinta. Alhaji, kai da kake da ita, me za ka ce?"

Zulkifilu, wanda tun ɗazu yake zaune a bakin kwalbati kansa a ƙasa, ya ɗago a hankali. Ya miƙe, ya karkaɗe wandonsa da ya sandare da zoɓo, ya gyara hula, ya yi gyaran murya.

"Malam Rahim, Allah ne ya haɗa ka da ni. Ka ga da farko dai, yawancin masu motar nan ba su iya ta ba. Mu shiga, kafin mu kai Lanham zan mayar da kai gwani."

Ya kama ƙarfe ya haye gaban janwen. Najiba ta tako ta tsaya a tagar direba, ta miƙa wa Rahim katin makulli da ƙullin waina a takarda.

"Malam, ga adireshin a jiki. In surutun ya ishe ka, akwai tashar jirgin ƙasa a Shady Grove, ka sauke shi a nan. Motar kawai nake so ta iso gida."